Rodin da ya karye wajen lanƙwasa: ƙwari ne ko gautsi?

Mai Gini a Ɗanbare: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema wurin masana. Ginina ya wuce linta, ana shirin dekin, aka sauke min rodi mai 12, wato mai kaurin milimita 12. Da mai ɗauri ya fara lanƙwasa bakunan sai wasu suka karye ƙas a daidai gwiwa, wasu kuma ba su rabu ba amma bayan gwiwar duk ya tsattsage. Na ɗauki guntun na duba, bakin karayar fari ne tas yana ƙyalli, da 'yan ƙwayoyi a jiki, babu alamar ƙarfen ya ja ko ya sirance kafin ya rabu. Na kira wanda ya sayar min ya ce in kwantar da hankalina, tsabar ƙwari ne, rodi mai laushi shi ne abin gudu. In zuba kankare a kai ko in dakata?

Ɗan Kasuwar Rodi: Wa alaikumus salam. Alhaji, maganar mai kayan ba ta rasa tushe ba. Mu nan Ƙofar Ruwa mai saye da kansa yake ɗaga rodi ya sake shi a ƙasa. In ya ji ya yi ƙara ya ce wannan shi ne, in ya ga yana lanƙwasuwa ba gardama ya ce ba shi da jini a jika, ya wuce gaba. Mai tauri mutane ke nema, shi kuma muke kawowa.

Injiniyar Gini: Alhaji ka dakata. Kada a zuba ko kwano ɗaya sai an san abin da ke hannunka. Karaya fara mai ƙyalli, ƙarfe bai sirance ba, wannan gautsi ne. Rodin kirki mai 12 ana lanƙwasa shi har bakinsa ya dawo yana kallon gindinsa bai tsage ba. Gwajin lanƙwasa yana cikin abin da ake yi wa rodi a ɗakin gwaji ko'ina a duniya, wanda ya tsage kuwa ya faɗi, komai taurinsa.

Ɗan Kasuwar Rodi: Hajiya, to ai hankali ba ya ɗauka. Ƙarfen da ya fi wuyar lanƙwasa ba shi zai fi ɗaukar bene ba?

Malamin Fiziks: Ku ba ni dama in ɗan tsawaita, don tambayar Alhajin kasuwa ita ce ainihin maganar, kuma mutane da yawa haka suka ɗauka.

Duk abin da aka ɗora wa nauyi sai ya motsa, ko ido bai gani ba. A ɗauki rodi mai 12 guda, tsawonsa mita 12, a rataye shi daga sama, a ɗaura masa tan 1 a ƙasa. Faɗin bakinsa murabba'in milimita 113 ne. Tan 1 kusan niyuton 9,800 ne (niyuton ma'aunin ƙarfin ja ko danni ne), in aka raba wa waɗannan 113 kowanne zai ɗauki kusan niyuton 87. Wannan rabon, wato nauyin da ya faɗa kan kowane murabba'in milimita, shi ɗalibai ke kira sitires. Rodin zai ƙara tsawo da kusan milimita 5. In ka auna wannan ƙarin da asalin tsawon, milimita 5 cikin 12,000, ka sami miƙuwa, wato sitiren. Ka sauke nauyin, rodin ya koma tsawonsa cif. Ka ɗora tan 2, ya miƙe milimita 10. Tan 3, milimita 15. Ninka nauyi, miƙuwa ta ninka. Robert Hooke na Ingila shi ya buga wannan ƙa'ida a 1678, kuma da ita sikeli mai sifirin da ake ratayawa a auna kaya yake aiki har yau.

Amma ƙa'idar tana da iyaka. Rodin da aka yi a kan mizanin 460, da zarar rabon ya kai niyuton 460 a kowane murabba'in milimita, wato wajen tan 5 da ɗoriya a kan mai 12, sai ya sallama. Daga nan in ya miƙe ba ya dawowa. Kafin ya kai nan bai fi milimita 28 ya miƙe ba a duk mita 12 ɗin. Bayan ya sallama ne ake gane na kirki da na banza. Na kirki ba ya tsinkewa nan take, ci gaba yake da ja yana riƙe da kayan, a ɗakin gwaji sai ya ƙara fiye da kashi 10 cikin 100 na tsawon da aka auna, ya sirance a wuri guda, sannan ya rabu. Mai gautsi kuwa yana kaiwa iyakarsa ya ɓalle.

Ɗalibin Kimiyya: Malam, ina da tambaya. Ke nan shi mai taurin, kafin ya kai iyaka, bai kai mai laushin miƙewa ba ko? Ko ba komai dekin ba zai lotsa ba.

Malamin Fiziks: Ƙanina, nan ne abin mamakin. Kusan daidai suke miƙewa. In ka raba sitires da sitiren kana samun lamba guda da ake kira ma'aunin Young, da sunan Thomas Young wanda ya yi bayaninta a 1807. Ga ƙarfen rodi lambar tana wajen 200,000, ko mai laushi ne ko mai tauri, ko na sifirin mota. Alminiyom yana wajen 70,000, kankare wajen 30,000, katako ta tsawonsa wajen 10,000. Ƙara wa ƙarfe tauri ba ya taɓa wannan lamba wani abin kirki. Abin da yake canzawa shi ne inda iyakar take, da abin da zai faru bayanta.

Dalilin yana can cikin ƙwayoyin zarra. Ƙaramin ja yana ɗan nisanta su da juna ne kawai, in an saki su koma mazauninsu, kuma ƙarfin da ke riƙe zarrar ƙarfe da 'yar uwarta ɗaya ne a kowane rodi. Babban ja kuma yana sa sahu-sahunsu su zame a kan juna, su zauna a sabon wuri, shi ya sa lanƙwasa take tsayawa. Sinadarin kabon in ya shiga tsakani yana tare wannan zamewar. Kaɗan yana da amfani, yana ɗaga iyaka. In ya yi yawa sai zamewa ta gagara, to ƙarfen ba shi da wata hanyar sauke abin da aka ɗora masa sai tsagewa.

Injiniyar Gini: Shi ya sa mizanin rodi ya ƙayyade kabon, bai kamata ya wuce wajen kashi 0.25 cikin 100 ba. Ƙarfen zubi irin na jikin injin mota yana da kashi 2 zuwa 4. Yawancin rodin da ake yi a ƙasar nan daga tsofaffin ƙarafa ake narko shi, kuma wannan ba aibu ba ne, ƙasashe da yawa haka suke yi. Aibun shi ne a watsa komai a tukunya, jikin inji da sifirin da gwangwani, ba a tantance ba, ba a auna abin da ya fito ba. Fosfaras in ya yi yawa shi ma gautsi yake kawowa. Sai ka ga lodi ɗaya, wannan sandar lafiya, ta kusa da ita tana karyewa.

Kuma ku gane me ya sa muke nacewa a kan ja bayan iyaka. Duk lissafin da muke yi wa bim, wato dogarin kankaren da ke kwance yana ɗauke da dekin, da shi kansa dekin, an gina shi a kan cewa in kaya ya fi ƙarfin gini, rodi ne zai fara sallamawa ya yi ta ja. Sai bim ya lotsa, tsaga ta buɗe a ƙasansa, filasta ta zubo, ƙofa ta ƙi rufuwa. Masu gida su gani su fita, a kira mu. Rodi mai gautsi ba ya ba da wannan lokacin. Mun ga benen da ya rufta a titin Beirut na nan Kano a watan Agustan 2022, mun ga mai hawa 21 na Ikoyi a Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021. Kowace rushewa da nata sanadin, ba rodi nake ɗora wa duka ba. Abin da nake so a riƙe shi ne mintunan da gini ke bayarwa kafin ya zube rayuka ne, kuma daga jan rodi suke fitowa.

Ɗan Kasuwar Rodi: Allah ya kiyaye. Na ji wannan. Amma a yi mana adalci, Hajiya. Mutum ne zai zo ya tambayi farashin mai 12, ka faɗa masa na cikakke, ya ce a can an ba shi ƙasa da haka. Ka ce masa wancan bai cika ba, ya ce ai duk 12 ne. In ba ka ajiye marar cikar ba, ka wuni ba ka yi ciniki ba. Wani ma ɗan kwangila ne, ya karɓi kuɗin cikakke wurin mai gida, ya zo da bakinsa ya ce a ba shi na ƙasa.

Malamin Fiziks: Alhaji, gaskiya ka faɗa, laifin ba na mutum ɗaya ba ne. Sai dai mutane suna raina abin da ake ragewa ne don da ido suke aunawa. Tsakanin milimita 12 da 10.5 ido ba ya ganin komai. Amma faɗin baki ba ya tafiya da kauri kai tsaye, da kauri sau kauri yake tafiya. Mai 12 yana da 113, mai 10.5 bai kai 87 ba. Kusan kashi 23 cikin 100 na ƙarfen ya tafi. Kamar kayan da aka shirya wa 'yan dako goma ne, aka sallami biyu ba a rage ko buhu ɗaya ba, abin da ya hau kan kowane cikin takwas ɗin ya ƙaru. Wanda ya kamata ya riƙe tan 5 da ɗoriya zai sallama a tan 4.

Mai Gini a Ɗanbare: To mu da ba mu da na'ura ta yaya za mu gane? Jikin rodin duk zane ne, in ka sa tef ba ka san inda za ka auna ba.

Injiniyar Gini: Sikeli, Alhaji. Kauri yana ruɗi saboda zanen, nauyi ba ya ruɗi. Ka sa a yanko mita 1 daidai a ɗora. Mai 12 cikakke gram 888 ne, mai 10 gram 617, mai 16 kilo 1 da gram 580. Sanda guda ta mai 12, in tsawonta ya cika mita 12, kilo 10 da rabi ce da ɗan ɗori. Tan 1 kuwa sanda 93 zuwa 94 yake bayarwa. Duk wanda ya ce zai ba ka tan guda na mai 12 ka ƙirga sanda 120, ba kyauta ya yi maka ba, kowace sanda ce aka rage. Ana yafe ɗan bambanci kaɗan a mizani, amma ba kashi 20 ba. Ka auna tsawon ma, don wani ta nan ake cin sa.

Sikeli dai kauri kawai zai gaya maka. Gautsi da inda iyakar take sai inji. Ka yanki guntaye daga sanduna daban-daban, ba daga guda ɗaya ba, ka kai ɗakin gwajin kayan gini, irin na sashen injiniya a jami'a. Za su ja shi har ya tsinke, su ba ka lamba uku: inda ya sallama, inda ya kai ƙarshen ƙarfinsa, da yawan jan da ya yi. Kuɗin gwajin bai kama ƙafar kuɗin dekin ba.

Mai Ɗaurin Rodi: Ni fa ina karantawa tun ɗazu. Na gode da aka wanke mu, don kullum in rodi ya karye mu ake cewa ba mu iya ba. Hannu yana ji wallahi. Mai kyau in ka ja makullin lanƙwasa za ka ji yana bin ka a hankali, in ka saki ya ɗan dawo baya kaɗan ya tsaya. Marar kyau za ka ji ya cije, ka ƙara ƙarfi, sai ƙara kawai.

Injiniyar Gini: Oga, ban gama wanke ku ba tukuna. Wannan ɗan dawowar da kake ji gaskiya ne, ita ce miƙuwar da ba ta wuce iyaka ba take komawa. Amma ina da tambaya. A kan teburinka, me kake lanƙwasa rodin a jikinsa?

Mai Ɗaurin Rodi: Guntayen rodi ne muke kafawa a katako, mai 16 ko mai 12, duk wanda ya samu. Haka na tarar ana yi, haka kowa ke yi.

Injiniyar Gini: To nan ma akwai gyara. In ka lanƙwasa rodi, cikin gwiwar matsewa yake, bayanta kuma miƙewa, kuma yadda gwiwar ta ƙuntata haka bayan yake shan ja. Ƙa'idar da muke bi ta ce rodin da bai wuce 16 ba a lanƙwasa shi a jikin abin da kaurinsa ya ninka nasa sau 4. Ga mai 12, milimita 48 ke nan. A haka ma fatar bayan gwiwar tana miƙewa wajen kashi 20 cikin 100. In ka naɗe shi a jikin ɗan uwansa mai 12, lissafi ya kai kashi 50. Ko rodin kirki ka wahalar da shi, ka cinye masa jan da ya kamata ya ajiye don ranar tsanani. Guntun bututun ƙarfe mai kauri za ka zura a kan abin da ka kafa, shi ke nan. Daga mai 20 zuwa sama kuma sau 7 ne.

Sai wani wurin da ba a kula da shi. Rodi ninke yake zuwa a mota, a miƙe shi a wurin aiki da guduma. Daidai wannan ninkin an riga an lanƙwasa an kuma warware, ya ƙara tauri, jansa ya ragu. Kada a bari ya faɗo tsakiyar bim ta ƙasa, kada kuma a sake yin gwiwa a kansa.

Mai Ɗaurin Rodi: Hajiya, maganar bututu zan gwada. Amma gwiwa mai faɗi kafinta ba ya so, yana cewa ringi, zoben rodin da ke kewaye sandunan bim, ba ya zama a akwatin katakon da ake zuba kankare a ciki.

Injiniyar Gini: Ringi mai 8 ko mai 10 ne, nasa bututun ƙarami ne, milimita 32 ko 40. Zai zauna. In bai zauna ba akwatin ne aka ƙuntata.

Mai Walda: Ni a ganina abin da sauƙi. Rodin da ya ƙi lanƙwasuwa a sa masa wuta ya yi ja, zai bi kamar ba shi ba. Maƙera tun kaka da kakanni haka suke yi, ba su taɓa karya ƙarfe wajen lanƙwasa ba.

Malamin Fiziks: Maigida, maƙeri yana sane da abin da wuta ke yi, shi ya sa bayan ya ƙera wuƙa yake tsoma ta a ruwa ta yi tauri, ya sake ɗan gasa ta don kada ta yi gautsi. Yawancin rodin zamani da ake kira TMT da irin wannan dabarar ake yin sa a masana'anta. Yana fitowa da zafi a watsa masa ruwa, fatarsa ta yi tauri, zafin da ya rage a ciki ya fito ya ɗan sassauta ta, cikin kuma ya huce a hankali ya zauna da laushinsa. In ka yanka shi ka goge bakin aka sa masa sinadari, za ka ga zobe a gefe mai launi daban da tsakiya. Ƙarfinsa daga wannan fatar yake. Ka sa masa wuta ya yi ja, ka warware aikin masana'anta, daidai nan ya koma rodi mai ƙaramar iyaka. In kuma yaro ya watsa masa ruwa don ya huce da wuri, sai ya yi gautsin da ya fi na da.

Mai Walda: To walda fa? Ai muna haɗa rodi da walda a ginshiƙi.

Injiniyar Gini: Mai ƙarancin kabon yana karɓar walda in an bi ƙa'ida. Irin wanda ake magana a kai, mai karyewa wajen lanƙwasa, shi ne mafi haɗari, don gefen waldar yana hucewa da sauri ya yi tauri ya tsage. In zane bai ce a yi walda ba, a haɗa su a jere a ɗaure da waya, tsawon haɗin ya kai yadda aka rubuta.

Baba Magini: Salamu alaikum. Jikana ne yake karanta min, shi yake rubuta abin da na faɗa. Mu da muka yi ginin ƙasa a cikin gari ba mu san lamba ba, amma abin da kuke faɗa mun san shi a azara. Azarar giginya in za ta gaji sai ta yi ciki tukuna, rufi ya sauko, mai ɗaki ya gani ya kira magini. Gara ba ta cin ta kamar sauran itace. Kuma ba ma ba ta faɗin da ya wuce ƙafa shida ita kaɗai da ƙasa a kanta. In ɗaki ya fi haka sai a fito da wasu daga bango a jere, wannan a kan wannan, ko a ɗaura bakan gizo a raba rufin. Ku je Gidan Makama ku ɗaga kai ku gani. Ƙasar gini ma ba ma kwaɓa ta sai da ciyawa, don in ta bushe kada ta tsattsage.

Malamin Fiziks: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ƙafa shidan nan taku lissafi yana bayanta. In aka ninka tazarar da ke tsakanin bango da bango, kaya iri ɗaya a kan kowane taku, cikin da azara za ta yi ba sau 2 zai ƙaru ba, sau 16 ne. Shi ya sa mutumin da ya ce a ɗan faɗaɗa masa falo da mita 1 a bar bim yadda yake bai san girman abin da ya nema ba. Tsayin bim kuma shi ke maganinsa. Kafinta ya sani, katako mai inci 2 da 6 in ka kwantar da shi ka taka sai ya lotsa, in ka tsayar da shi a gefensa ya fi ƙin lotsawa sau 9, alhali katakon bai canza ba.

Ciyawar da Baba ya ambata kuma aikin rodi take yi. Ƙasa da kankare halinsu ɗaya ta nan, suna jure danni, ba sa jure ja. Kankaren da zai ɗauki niyuton 25 na danni a murabba'in milimita, wajen kashi ɗaya cikin goma na wannan kawai zai ɗauka in ja ne. Bim in ya ɗauki kaya samansa matsewa yake, ƙasansa yana miƙewa, don haka ake sa rodi a ƙasa.

Ɗalibin Kimiyya: To me ya sa a baranda na ga ana sa rodin a sama? Na ɗauka mai ɗaurin ne ya juya zanen.

Injiniyar Gini: Bai juya ba, daidai ya yi. Barandar da ta fito daga bango babu ginshiƙi a bakinta, bakin ne ke son faɗuwa, don haka samanta ne ke shan ja a daidai inda ta haɗu da gini. Wannan wurin yana hana ni barci fiye da ko'ina. A ɗaura rodi a sama lafiya lau, ranar zubi leburori su yi ta bi ta kai da kwanon kankare a ka, su tattake shi ya kwanta a ƙasa, kankare ya rufe, babu wanda zai sake gani. Rodin yana nan, mai kyau ne, cikakke ne, amma yana inda ba a bukatarsa. Ranar da aka cire katakon tallafi ko ranar da mutane suka taru a kai ake sani. A sa masa kujerun ƙarfe masu ƙwari a ƙasa, a shimfiɗa katako leburori su bi ta kai, mutum ɗaya kuma ya tsaya ba shi da aiki sai duba wannan har a gama zubi.

Mai Ɗaurin Rodi: Wannan kam a faɗa wa masu gida. In ka nemi rodin yin kujeru sai a ce ɓarna ce.

Mai Walda: Malam, saura tambaya ɗaya. Kano da zafi, rodi a cikin kankare ba ya buɗewa ya fasa shi? Don ƙofar ƙarfe da na haɗa da sanyi, in bazara ta zo sai ta riƙa cijewa.

Malamin Fiziks: Yana buɗewa, sai dai tare suke buɗewa. Ƙarfe yana ƙaruwa da kusan kashi 12 cikin miliyan na tsawonsa a kowane digiri ɗaya, kankare ma kusan haka, shi ya sa zamansu ya yiwu. Da alminiyom ne, wanda nasa ya kusa ninka haka, da an sami matsala. Amma ginin gaba ɗayansa yana motsi. Tsakanin daren hunturu da ranar Afrilu a garin nan a sami bambancin digiri 30 a jikin gini ba abin mamaki ba ne. Abu mai tsawon mita 30 zai ƙaru da kusan milimita 11. In ka hana shi wurin miƙewa, ƙarfe zai ɗauki matsin niyuton 72 a kowane murabba'in milimita ba tare da an ɗora masa ko tsinke ba. Wannan tsagar da taya ke bugawa a kan gadar Ƙofar Nassarawa da sauran gadojin sama, da gangan aka bar ta don haka. Ƙofarka ma ka riƙa bar mata 'yar tazara a jikin firam, musamman wadda rana ke duka.

Ɗan Kasuwar Rodi: Ni abin da zan iya daga ɓangarena, zan ajiye sikeli da zarto a shago. Wanda ya zo a yanka mita ɗaya a gabansa, ya ga cikakke ya ga marar cika, ya zaɓa da saninsa. Amma wanda ya zaɓi na ƙasa bayan ya gani, wannan kuma tsakaninsa da mai gidan da ya aiko shi.

Injiniyar Gini: Ka rubuta nauyin mitar a jikin rasit, Alhaji. Mai gida zai gani ko ba shi ya zo ba.

Ɗalibin Kimiyya: Hajiya, wani abu kuma. A gidanmu dekin ya shekara biyar lafiya, yanzu tsakiyar falo ya ɗan sauko, ba a ƙara hawa ba. Tankin ruwa kawai aka ɗora a sama. In ƙa'idar Hooke gaskiya ce ai ranar da aka ɗora ya kamata ya lotsa ya tsaya.

Injiniyar Gini: Ƙarfe ne ke lotsawa ya tsaya. Kankare in kaya ya zauna a kansa ci gaba yake da matsewa a hankali shekara da shekaru, har lotsawar ta ninka ta farko sau 2 ko 3, musamman in an cire tallafi tun bai nuna ba ko an cika masa ruwa wajen kwaɓi. Kada kuma ka ce tanki kawai. Lita 1,000 tan 1 ce. Tankin lita nawa ne, kuma a ina aka ajiye shi, kan bango ko tsakiyar dekin?

Ɗalibin Kimiyya: Lita 2,000 ne, guda biyu, a tsakiya suke don nan famfo ya fi kusa.

Injiniyar Gini: Tan 4 ke nan a wurin da dekin ya fi rauni. Yau ɗin nan a zubar da ruwan, kada a sake cikawa. Ka duba ƙasan dekin da fitila, in akwai tsaga ka ja layi da fensir a ƙarshenta ka rubuta kwanan wata, ka ɗaura zare daga bango zuwa bango ka auna tazarar da ke tsakaninsa da tsakiyar silin. Ku kira injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya zo ya gani da idonsa kafin a mayar da tankunan, kuma in za a mayar a kan ginshiƙi ko bim za su zauna. Turo min hoton tsagar ta akwatin sirri in gani kafin ya zo.